Rasuwar Dakta Sadiatu Mutawakilu, Likitar Jijiyar Gani

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Mai rayawa Mai kashewa, Ƙungiyar Zumuntar Hausawan Zango ta Manchester da Birmingham ta samu labarin rasuwar 'yarta kuma 'yar kwamitin amintattunta, Hajiya Dakta Sadiatu Mutawakilu, ƙwararriyar likitar jijiyar gani, 'yar marigayi Alhaji Mutawakilu na Zangon Kumasi, uwargidan Alhaji Ubaidullah Gimba na unguwar Erdington a Birmingham, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talatar da ta gabata bayan gajeruwar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiya ta taso a unguwar Gorton ta Manchester, inda iyayenta suka sauka tana ƙarama, kuma a Manchester ta fara aikin asibiti. A can ne hankalinta ya kai ga wasu marasa lafiya 'yan asalin ƙasar Sin, galibinsu mata masu aiki a gidajen abinci, waɗanda kumburin jijiyar gani kan kama farat ɗaya: ido ya yi ciwo, gani ya dushe cikin 'yan kwanaki, ya lafa, sannan ya dawo ya kama ɗaya idon. Maganin da aka saba bayarwa bai cika yi musu aiki ba. Da aka fito da gwajin jini mai nuna wani sinadarin garkuwar jiki wanda kan juya ya afka wa jijiyar mai shi, sai marigayiya ta ɗora wa kanta neman waɗannan bayin Allah ɗaya bayan ɗaya domin a gwada su, a sauya musu magani kafin ido na biyu ya tafi.

Aikin bai zo da sauƙi ba, domin da yawansu ba sa jin Turanci sosai, wasu kuma na tsoron a ɗibi jininsu. Ganin haka ta zauna ta koyi gaisuwa da tambayoyin asibiti a harshensu na Kantonis, har ta kan ba mu dariya a taro da cewa bazangon da ya iya ciniki da Ashanti babu harshen da zai gagare shi. Cikin waɗanda ta bi har gida akwai Madam Lau Siu-ying, wadda idonta na dama ya riga ya mutu, ta kuma daina zuwa asibiti don ta fid da rai. Marigayiya ba ta rabu da ita ba sai da ta yarda aka gwada ta. Yau da idon hagun nan Madam Lau take kai jikarta makaranta.

Bayan komawarta Birmingham ta ci gaba da wannan aiki, ta kuma fara faɗakar da matanmu a unguwar Small Heath cewa ciwon ba na Sinawa kaɗai ba ne, kuma duk wanda idonsa ya yi ciwo gani ya ragu ya garzaya wurin GP, wato likitan unguwa, kada ya tsaya jiran ya wuce. Ba ta kai ga ƙarasa binciken da take yi kan ciwon ba. Abokan aikinta sun shaida mana za su ɗora daga inda ta tsaya.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga mahaifiyarta Hajiya Barikisu, da maigidanta, da 'ya'yanta Waris da Yusra, da dukan dangi a Kumasi. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarta, Ya ba iyalinta haƙurin jure wannan babban rashi.

Za a yi addu'ar bakwai a gidan mamaciya da ke Erdington. Marasa lafiyarta Sinawa sun aiko suna neman izinin zuwa daga Manchester, suna tambayar yadda ake gaisuwar mutuwa a wurinmu don kada su yi kuskure. Iyalin sun ce su zo yadda suke. Muna roƙon jama'a a buɗe musu wuri, kuma matasa su tsaya a bakin ƙofa, domin wasu daga cikin baƙin sai an riƙe musu hannu kafin su hau matakala.

Sa hannu:
Alhaji Abdurrahman Yelwa
Sakataren Yaɗa Labarai
Nuwamba, 2008