Inda Aka Sa Reza

Beirut, Mayu 1976

Yaya Fawwaz,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a Dakar. Ba zan yi maka kwana-kwana ba, an kashe ƙaninmu Nazih ranar Talata. A shingen 'yan bindiga aka sauke shi daga mota, suka duba katinsa, suka ga addininsa, suka harbe shi a wuya. Tun da bai yi aure ba, rakiyar ango muka yi masa, da guɗa da watsa shinkafa, samari na rawa da makararsa.

Da muka dawo, Mama ta ɗauki taɓarya ta farfasa rediyo da duk kaset ɗin gidan, wai ba kiɗa a gidan makoki. Har da na wasan kwaikwayon da Nazih ya yi waƙa a ciki. Yanzu ita ce ke kuka tana neman muryarsa. Naka kaɗai ya rage, don Allah ka aiko.

Ƙanwarka,
Widad

Dakar, Yuni 1976

Widad,

Na amsa gaisuwarki, Allah ya jiƙansa. Kullum kaset ɗin nake ji, musamman waƙar ƙauyen da ya binne 'ya'yansa da safe ya yi biki da yamma. Wallahi ban taɓa jin abu mai daɗi da ciwo kamarta ba. Amma da wa Nazih yake rera ta? Da Tanyus, abokinsa da ya ci abinci a gidanmu, wanda na ji yanzu yana riƙe da bindiga cikin mutanen can da suka kashe shi. Zan sa reza in cire muryar karen nan daga zaren kaset, sannan in zo in cire maƙogwaronsa.

Ki gaida Mama.
Fawwaz

Beirut, Yuli 1976

Yaya Fawwaz,

Bayan gaisuwa, har yanzu hannunka ya fi kanka sauri. Tare suke waƙar, numfashi ɗaya, ina za ka sa rezar? Kuma wa kake tsammani ya kawo mana gawar? Tanyus ne ya goyo shi har ƙofarmu, jini ya jiƙa masa riga. Da ya koma, nasu suka ɗaure shi a bayan mota suka ja shi a kan kwalta har ya mutu. Jiya uwarsa ta tsallako unguwarmu cikin harsashi, an ƙone gidansu. Ta zauna kusa da Mama, ta ce: "'Yar'uwa, ko kina da kaset ɗin yaranmu?"

Kada ka taɓa kaset ɗin.

Taka,
Widad

Dakar, Agusta 1976

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta tarar na riga na yanke. Na tsince guntayen daga kwandon shara, na liƙa da jan farcen matata. Na kwafa shi, ga kaset biyu nan. Waƙar tana tuntuɓe sau goma sha ɗaya, a duk inda na liƙa. Ki kai wa uwar Tanyus nata da hannunki, kuma in ta tambayi dalili, ki ce mata ni ne.

Ku yafe mini.
Fawwaz