Tire Biyu, Lamba Ɗaya

Tudun Wada, Zariya
Ranar Litinin

Zuwa ga aminiyata Hajiya Atika,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da jikoki da mutanen Funtuwa baki ɗaya. Ya ƙafar taki? Tawa dai tana nan yadda kika bar ta.

Za ki ce me ya hana in kira ki. Wayarki a hannun jikokinki take wuni, maganata kuwa ba ta taro ba ce. Shi ya sa na ba direban motar garinku takardar nan, tare da daddawar da kika ce.

Atika, an kore ni daga falona. Naja'atu ce ta kore ni, jikar da na riƙe tun tana 'yar shekara huɗu. Kin san aikin kwamfuta take yi a wani asibiti. To sun sayo wata babbar na'ura, wai ita saba, mai kula da bayanan marasa lafiya: sunan mutum, ciwonsa, maganin da aka ba shi. Bayanan kuma a kan wasu faya-fayen ajiya suke zama, cikin wani akwati daban. An ɗora mata tsara yadda za a yanka faya-fayen kashi-kashi ranar Asabar. Kashi ɗaya na bayanai, ɗaya na rubuta duk abin da aka taɓa, ɗaya na ajiyar ko-ta-kwana, sauran ban riƙe ba.

Na ce ta yi a kwamfutarta mana. Wai sai ta ga abu a ƙasa take ganewa. Ta sauke min tire huɗu ta ce su ne faya-faye. Kwanukan samirana da na zo da su daga Makka, waɗanda ni kaina ban taɓa cin abinci a ciki ba, ta jera su a kai, wai su ne kashi-kashin. Rediyona ita ce saba. Ulun da nake saƙa hular jariri da shi ta ja daga rediyo zuwa kowane tire, ja da kore, wai hanya biyu-biyu, in ɗaya ta yanke a bi ɗayar.

Yanzu in zan wuce uwar ɗaki sai na tattare zani kamar mai tsallake kwata. Jiya 'yan Islamiyyarmu suka zo gaishe ni, a tsakar gida na yi musu shimfiɗa. Malama Sumaiya ta leƙa falo, ta ja ni gefe tana tambayata a hankali ko wani magani ake haɗa mana.

Bai ishe ta ba, sai ta zaunar da ni ta yi min darasi. Ta ce saboda hanyoyin nan biyu, na'urar takan ga faifai ɗaya sau biyu, ta raɗa masa gajeren suna biyu. Na ce ashe wawiya suka sayo. Ta ce shi ya sa kowane faifai ke da doguwar lamba tasa shi kaɗai, ga ta nan ta liƙa a jikin kowane tire, ƙarƙashin sunan.

Na ji tana gaya wa wata a waya cewa in aikin ya yi kyau, babban ofishinsu na Abuja zai ɗauke ta. Ni ko a jikina. In samu falona kawai.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Bilkisu

Tudun Wada
Ranar Laraba

Aminiyata Atika,

Sallama da gaisuwa. Ya gida, ya jiki? Allah Ya ƙara sauƙi. Wannan ki karanta ke kaɗai, ki sa ta a murhu.

Jiya da hantsi, bayan Injiniya Naja'atu ta fita, na shiga share ƙurar da ta hana ni sharewa kwana biyar. Da na gaji na zauna, na ɗauki tiren da ke bakin ƙofa ina karanta lambarsa. Kin san ni da lamba tun ajin yaƙi da jahilci, lokacin da kike leƙen allona. Doguwa ce, ta fi talatin, ga haruffa a cakuɗe. Duk farkonsu iri ɗaya ne, a wutsiya suke rabuwa. Na bi tire na biyu, na uku, kowa da wutsiyarsa. Da na kai na huɗu, can ƙarƙashin taga, sai na ji kamar na taɓa karanta shi.

Na ɗauko na bakin ƙofa na haɗa su, na sa tabarau, na bi da farce ɗaya bayan ɗaya har sau uku. Atika, lamba ɗaya ce. Sunan sama ne kawai ya bambanta.

To na bakin ƙofa shi ne wanda ta ce an riga an juye bayanan asibiti duka a kansa, don tsohuwar na'urarsu ta mutu bayan an kwashe. Na taga kuwa shi ne wai sabo, babu komai a ciki, shi za ta goge tas ranar Asabar ta yanka. Da bakinta ta koya min abin da hakan ke nufi. Daga takardar da masu haɗa akwatin suka ba ta ta kwafo lambobin, da ido duk gajiya.

Ban gaya mata ba.

Kada ki fara min wa'azi. Na san abin da nake yi, shi ya sa abinci ya ƙi shiga. In na yi shiru, aiki ya lalace, Abuja ta fasa, yarinyata ta zauna. Shekara ashirin da biyu ban ci tuwo ni kaɗai ba. Wa zai riƙa yi min faɗan gishiri? Wa zan tsokana?

Abin da ya fi ba ni haushi, na ba ta dama ta gani da kanta. Na bar tiren biyu kusa da juna. Ta dawo, ko kallon takardun ba ta yi ba, sai mita: Hajiya kin taɓa min kaya, Hajiya kin kwance min ulu. Ta mayar da kowanne wurinsa, ta kawo min ruwa ta ce in huta. Digiri biyu, Atika!

Ki yi min addu'a, kada ki tambaye ni ta mece ce.

Taki,
Bilkisu

Tudun Wada
Ranar Talata

Hajiya Atika,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki, ko da yake ba ki cancanta ba. Na rubuta miki shafi biyu, kin aiko min da layi ɗaya, wai in ji tsoron Allah. Kuma sai Asabar da yamma direban ya kawo, bayan komai ya wuce. Don haka kada ki ɗauka ke kika gyara ni.

Ranar Alhamis na je awon hawan jini a asibitin nasu. A layi akwai wata mai goyo daga Gyallesu, katin ɗanta ya ɓace, ba ta san sunan maganin farfaɗiyar da ake ba shi ba. Ta rikice, tana ta kwance bakin zani tana ɗaurewa. Ma'aikaciyar ta tambayi sunan yaron kawai, ta danna, ga magani ya fito. Na dubi layin nan har bakin ƙofa, na ji kunyar kaina ta kama ni.

Juma'a da safe, Naja'atu tana shan koko, na jawo tiren biyu na dire a gabanta, na ce ta karanta min wutsiyar da ƙarfi kamar 'yar aji ɗaya. Ta karanta ta farko tana dariya. Ta biyun ba ta ƙarasa ba. Kofin ma a kan kafet ɗina ya ƙare. Ta fita da takalmi kala biyu, ta je ta duba a jikin na'urar, ta tarar haka ne. Faya-fayen uku ne, ba huɗu ba. Ta sake tsarin daga farko, ta hana a taɓa komai sai an kawo wani faifan daban na ko-ta-kwana.

Da ta dawo ta tambaye ni yaushe na gani. Na ce tun Talata. Ba ta tambayi dalili ba. Ta zauna a ƙasa ta ɗora kanta a cinyata, ƙatuwa da ita, ƙafata mai ciwo kuwa.

Wawiyar yarinya ta je ta gaya wa shugabanta cewa kakarta ce ta gano. Ya aiko min da gaisuwa da katan ɗin lemo, wai asibiti na godiya. Takardar Abuja kuma a mota ɗaya suka zo da lemon.

Ranar Lahadi za ta tafi. Na soya mata dambun nama, na yi mata yaji, ina yi ina zaginta. Ban yi kuka a gabanta ba, kuma ba ni da niyya.

Ki taho ranar Asabar da kayan sati biyu, kada ki kawo min maganar ƙafa. Ina so ki tsaya kusa da ni a tasha, don in an fara kuka a ce ke kika fara.

Taki har kullum,
Bilkisu