Sunan da Na Ƙi Faɗa a Sakkwato

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Allah. Mu nan Faru mun gode Allah.

Ba kuka niz zo yi maka ba, ka san hali. Ɗiyarmu ta fari ce ba lafiya. Irin ciwonka ne, daji. Ita a nono yak kama ta.

Shekara arba'in muna tare ban taɓa kiran sunanka ba. Ka tuna sanda kake noman albasa a Bakolori? In na kawo fura sai in tsaya bakin kwalbati in yi ta gyaran murya har ka waigo, abokan aikinka na dariya. Kai ko sai ka ce maƙogwarona ya fi na ladanin Bakura kai nesa.

Wannan kunyar ce tac cuce mu. Da anka tura mu Sakkwato daga Mafara, ƙanenka ya tafi salla, malamin kati yat tambaye ni sunanka. Nis sunkuyar da kai nic ce Malam na Faru. Haka yar rubuta. Anka yanki ɗan nama a wuyanka don awo, anka ce mu wuce Zariya. Can kuma ƙanenka yab ba da sunanka na yanka. Sakamako ya fito da suna guda, kai kana kwance da wani. Na can ba su san na nan ba. Sai da anka sake komai tun daga farko. Damina guda tat tafi a haka.

Ba ka taɓa yi min gori ba. A motar dawowa ma dafaffiyar gyaɗa kas saya min a Tsafe, kai da ko kunu ba ya wuce maka.

Ban ce da na faɗa da ka tashi ba, wannan na Allah ne. Amma daminar nan ni niɓ ɓata ta.

Yanzu abin ya sake. Likitar da ke duba yarinyar ta ce manyan asibitocin daji sun fara haɗa kai, na nan da na ƙetare, har Nijar. Hoton nonon a waya anka tura, likitocin gari uku sunka duba sunka tsai da magana guda, mu muna zaune bisa benci. In injin gasa ciwon daji na nan ya tsaya, sun san inda za su tura ta, takardunta su riga ta isa. Amma fa sai suna ya zama ɗaya ko'ina.

Ranar yankan katinta mijinta yana Maradun, ita ko kuka ya hana ta magana. Ga maƙwabtanmu mutanen Dosara cikin layi, duk sun san ni, sun san ɗiyar fari ce. Nib buɗe baki nic ce Hauwa'u, nih haɗa da naka, da ƙarfi, har sau biyu. Sai da nis sa malamin yak karanta min abin da yar rubuta. Ita kanta ta bar kukan tana kallona. Ta yi jika ba ta taɓa jin shi a bakina ba.

Ka yafe min, Malam, ya zo a makare.

Ranar Litinin za a fara mata magani, ni zan yi jinya. Takabarka na yi ta na gama. Zaman makokin ɗiya ban shirya mashi ba.

Allah ya kai haske makwancinka, ya bar mana ita ta ga auren autarta. Amin.

Taka,
Uwar Hauwa'u