Hanyar da Na Samo wa Behruz

Ƙauyen Sarob,
Ranar Talata.

Zuwa ga uwar Behruz, Zebunisso,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin naki, yaya ciwon gwiwar? Ina fatan Hujand lafiya, maƙwabta lafiya. Waya ba ta kamawa a nan sai an hau rufin masallaci, ni kuwa shekaruna sun wuce hawan rufi, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Mun sauka gidan wani dattijo, Bobo Kurbon. Ɗanki yana nan yadda kika san shi tun dawowarsa daga aikin gini a Rasha: ba magana, ba cin kirki, ido a bango. Likita ya ce a riƙa fita da shi yawo kullum, shi kuma da bakinsa ya zaɓi wannan ƙauye, to ga mu. Amma fisabilillahi, ni mutumin gonar auduga, ina na san dutse? Na tambayi Bobo ko akwai hanyar da za mu bi don shan iska, mu dawo kafin la'asar. Dariya ya yi har ya ƙware da shayi. Wai a nan mai tafiya ba dalili cikin hunturu, ko mahaukaci ne ko ɗan birni, in zaɓi ɗaya.

Duk da haka na gwada. Ta farko ta kai mu idon ruwa, ko gumi ba mu yi ba ta ƙare. Ta biyu garken shanu, kare ya koro mu. Ta uku hanyar makiyaya ce ta bazara. Dusar ƙanƙara ta haɗiye ni har ƙugu, Behruz ya ciro ni kamar buhun albasa. Da ma dariya ya yi mini, wallahi da na ji daɗi.

Tsoro nake ji. Jiya ya tsaya a bakin wani kwazazzabo yana kallon ƙasa, ya daɗe, har na kama gefen rigarsa. Ki yi mana addu'a.

Naki har kullum,
Sadriddin.

Sarob,
Ranar Lahadi.

Uwar Behruz,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Allah Ya sa kina shan maganin, ba ajiye shi kike yi a bayan tukunya ba.

Na yi ɓarna, kuma da murnata na yi ta. Shekaranjiya na fita ni kaɗai na samo wata hanya a bayan gonakin tuffa, siririya, an tattaka ta sosai, rana na dukanta, tana hawa a hankali. Na dawo ina ta cika wa Bobo baki cewa ɗan birni ya samo abin da mai gida ya ɓoye. Ya buɗe baki zai yi magana, ya kalli Behruz, sai ya fasa. Kin san halina, ban tsaya tambaya ba.

Da safe muka kama ta. Tun daga farkonta Behruz yake jan ƙafa, ni kuwa ina gaba ina yi masa tsiya, wai tsoho ya fi shi ƙarfi. Ashe maƙabarta ta nufa. A nan ƙauyen ba a tattaka hanya sai inda ake da buƙata kullum, ni ban yi wannan tunanin ba.

Akwai wata tsohuwa zaune gaban wani kabari, ita ce mai hawa kowace safiya, sawunta muka biyo. A jikin dutsen kabarin an rubuta Dilovar. Kin tuna sunan? Abokin aikinsa da ya faɗo daga saman gini, wanda suke ɗaki ɗaya. Ashe ɗan nan ƙauyen ne. Ashe saboda shi muka zo, yaron ya kasa ƙarasawa da kansa.

Tsohuwar, Hola Saodat, ba ta kalli fuskarsa ba, ƙafarsa ta kalla. Safar ulu mai zanen ja da baƙi da kika yi ta faɗa ya cire ki wanke, ashe ta Dilovar ce, ita uwarsa ce, ita ta saƙa masa. Ta tambaye shi ko tana da ɗumi. Zebunisso, ɗanki ya zube a kan ƙanƙara ya yi kukan da ban taɓa ji ba, ni kuma na tsaya kamar gunki, na rasa inda zan sa hannuna.

Ban sani ba ko na warkar da shi ne, ko na ƙarasa shi.

Mijinki,
Sadriddin.

Sarob,
Ranar Alhamis.

Uwar Behruz,

Ina gaishe ki, ina gaida duk na gida. Ki zauna kafin ki ƙarasa karantawa.

Ƙanƙara ta sake zuba, ta shafe hanyar nan gaba ɗaya. Jiya da gari ya waye na tashi ban ga Behruz ba, na fita da takalmi a hannu na nufi kwazazzabon nan ina kiran sunansa. Bobo ne ya daka mini tsawa, ya nuna mini sama. Can na hango shi da shebur yana buɗe hanya, tsohuwar tana biye da sandarta. Da ya dawo ya cinye kwanon miya da gurasa biyu. Yau ma haka.

Na yi murna, na fara haɗa kaya. Sai ya tsaya a ƙofa, ya yi mini magana mafi tsawo tun dawowarsa: “Baba, ka koma wurin Inna. Ba mai buɗe wa Hola Saodat hanya, ni sai bazara.”

Na yi faɗa, na ce ke ma uwa ce, ke ma gwiwarki na ciwo. Ya sunkuyar da kai, amma bai saki shebur ɗin ba. Na duba idonsa, na ga akwai mutum a ciki, sai na ƙyale shi.

Na yi miki alkawarin dawo da ɗanki, ga shi ranar Asabar ni kaɗai zan shigo. Ki yi mini faɗan in na zo, na shirya. Amma ki ba direba takalmansa masu kauri da tulun zumar nan. Safa kam kada ki wahalar da kanki, tsohuwar ta fara saƙa masa wata.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki,
Sadriddin.