Bayan Gadon Ummi

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya Malam da ƙafar nan tasa? Yaya yara, yaya daminar Gusau? Mu nan Nasarawa ruwa ya ƙi ɗagawa.

Yaya, Ummi ce ba lafiya. Tun faɗuwar damina take tari, ƙirjinta na kuka kamar usur, ko Fatiha ba ta kaiwa ƙarshe sai ta tsaya ta nemi numfashi. Na ɗauka sanyi ne, na sa aka rufe tagogin ɗakin ruf, aka toshe da tsumma. Sai abin ya ƙaru.

A asibiti likita ta tambaye ni ko bangonmu na tsatsafo da laima. Na ce mata gidan nan da gumina na gina shi, kuma duk Sallah sai an yi masa sabon fenti. Ta ce, "Alhaji, je ka janye gadonta ka duba." Na janye. Fumfuna ce baƙa ƙirin, daidai inda yarinyar take sa kai. Ashe fentin rufe ta kawai yake yi.

Dole a kankare bangon, kuma ba zai bushe ba sai ruwa ya ɗauke. Kin san ni, ban saba kai kukana gidan kowa ba. Amma don Allah ki riƙe mini Ummi zuwa kaka. Uwarta sai kuka take. In kin amince, da kaina zan kawo ta.

Ki sa ta a addu'a. A gaida Malam da yara.

Ƙaninki,
Sani