Layi Tara, Karo na Bakwai

Tunis, ranar Talata

Yaya Nabiha,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya jego? Yaya jariri, da gwiwar Mama? Ni lafiyata ƙalau, gajiya ce kawai, amma kada ki gaya mata.

Ki yafe mini rashin zuwa Tozeur ranar suna. Na shiga aikin wata manhaja ce, wadda ke juya rubutun masu tsara manhajoji zuwa abin da kwamfuta ke ganewa. Ta kowa ce, kowa na iya kawo gyara. Malaminmu ya ce in an karɓi nawa kafin ƙarshen wata, zai sa hannu a aikin kammala karatuna. In ba a karɓa ba, sai baɗi.

Gyaran nawa layi tara ne kacal, Yaya, amma sau shida ana dawo mini da shi. Mai dubawar wata mata ce a Finland, ban taɓa ganin fuskarta ba. Kullum sai ta ce, "Ya yi kyau, saura kaɗan." Sawsan, abokiyar ɗakina, ta ce, "Ke, aikin da ba albashi, wa ya aike ki?" Na yi dariya, na shiga banɗaki na yi kukana.

Don Allah ki ba Kawu Munsif yajin harisa da dabino, in zai zo Tunis ya taho mini da su. Allah Ya raya mana yaro.

Jiya na tura gyaran karo na bakwai. Amsa ta iso tun safe, ban buɗe ba. Na ce bari in rubuto miki tukuna.

Ƙanwarki,
Widad