Rubutun Shan da Nake Ba Ƙanena Akwai Maganin Asibiti a Ciki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da mai kula da wannan shafi da duk masu karatu, Allah Ya saka da alheri. Ina roƙon a ɓoye sunana, kuma wanda zai zage ni, don Allah ya bari ya kai ƙarshe tukuna. Hannuna ya fi sabawa da alƙalami da tawada, rubutun waya a hankali nake yinsa.

Ni malami ne a Jalingo, wajen Sintali. Ina karantar da manya bayan la'asar, ina kuma yi wa mutane rubutun sha kamar yadda na gada daga mahaifina. Ina da ƙane, bari in kira shi Buba, manomin shinkafa ne a Iware. Shekarar da ruwa ya cinye masa gona sai ya canza. Ya daina barci, ya daina wanka, yana cewa ana kiran sunansa daga cikin bango, har ya ƙi cin tuwon matarsa wai ta sa masa guba. Kowa ya kawo nasa bayanin. Mahaifiyarmu Dada ta ce sammu ne daga maƙwabcin gonarsa. Baffanmu ya ce gado ne, kakanmu ma ya yi irin wannan, Dada ta ce kada ya sake faɗin haka a gidanta, akwai 'yan matan da ba su yi aure ba. Ni kuwa na ce aljanu ne, na duƙufa da ruƙiyya da hayaƙi da rubutu. Damina ta wuce, rani ya shigo, Buba sai ƙara lalacewa yake yi.

Da na ga abin ya fi ƙarfina, na ce wa Dada zan kai shi wurin wani malamina, sai na wuce da shi asibiti. Likitar da muka samu Hausarta ba ta nuna sosai ba, amma na fahimce ta. Na tambaye ta ta yaya ake gane baƙin cikin asara da taɓin hankali. Ta ce wanda ya rasa gona zai iya yin kuka, ya ƙi abinci na ɗan lokaci, wannan ba ciwo ba ne. Ciwo shi ne mutum ya riƙa jin abin da babu, ya kasa kula da kansa, abin kuma ya ƙi wucewa. Ta ce wani yana ɗauke da shi a jini, tashin hankali ne ke farkar da shi. Sannan ta ce, "Malam, ci gaba da addu'arka, ban hana ba. Amma wannan ciwo ne kamar hawan jini, sai ya sha magani kullum."

Buba ya ƙi ƙwayar, ya ce ita ma guba ce. Abu ɗaya yake karɓa a duniya: rubutun da na wanke da hannuna. To, sai na fara niƙe ƙwayar ina zubawa a ruwan allo, baƙin tawada ya rufe ta. Cikin ikon Allah barci ya dawo, muryoyin suka yi shiru, bana har ya koma gona. Har yau haka nake ba shi, bai sani ba. Dada ta bi gidajen suna da na ta'aziyya tana cewa rubutun Modibbonta, wato ni malaminta, ya kori aljanun Buba. Na ji, na yi shiru. Me ya hana ni magana? Tsoron kada Buba ya daina sha ne, ko kuwa daɗin yabon ne ya shige ni? Wallahi ni kaina ban iya rabewa ba.

Yanzu ga inda shirun ya kai ni. Wani dattijo daga garin Mutum Biyu ya ji labari, ya kawo mini ɗansa, tela ne mai mata da 'ya'ya, da marin ƙarfe a ƙafarsa don yana gudu ya shiga daji. Yana nan a ɗakin baƙina. Rubutu zalla nake ba shi, kuma ba ya samun sauƙi, ƙarfen har ya fara cin idon sawunsa. Na koma wurin likita ko za ta ba ni magani in sa masa. Ta ƙi, ta ce ba ta ba da magani ga wanda ba ta gani ba, ta kuma yi mini faɗa a kan ɓoye wa Buba da nake yi. Na gwada yi wa dattijon maganar asibiti, ya dube ni ya ce, "Modibbo, da asibiti nake so da ban wuce shi na zo ƙofarka ba. Abin da ka ba ƙanenka shi za ka ba ɗana."

Ba ni da amsar da zan ba shi sai gaskiya, ita kuwa gaskiyar nan ba za ta kwana a zaurena ba, za ta kai Iware. Mutumin da ciwonsa duka tsoron a sa masa abu a ɓoye ne, ya ji cewa yayansa ya daɗe yana yi masa haka, zai ƙara karɓar ko ruwa daga hannun wani? Ranar Juma'ar da ta wuce Buba ya shanye rubutunsa, ya goge baki ya ce mini, "Hamma, yayana, duk duniya hannunka kaɗai na yarda da shi."

Ban yi shakkar ayoyin Allah ba, kaina nake shakka, ni da na laɓe a bayansu. Na yi istihara, zuciyata ba ta natsu a ko'ina ba. In na yi magana, ina tsoron in mayar da Buba inda ya fito. In na yi shiru, ɗan mutane yana ruɓewa a cikin mari a gidana, ina jin ƙarar ƙarfen ko ina kan buzun salla. Malamai da likitocin da ke wannan shafi, don girman Allah ku faɗa mini, me zan yi?